Ba Gero Ne Kawai Ba

12 ga Oktoba

Zuwa ga Gwaggo Hure, gidan Malam Fatihu, Bagwai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jiki, ya ƙafar, ya aikin kaka? Ina gaida Baffa Khalilu da iyalinsa. Ni lafiya lau nake, sai sanyin ƙasar Turawan nan da ya fara shigowa, har safa biyu nake haɗawa.

Gwaggo, na haƙura da kiranki a waya. Wancan karon sau shida ina cewa "Juwairiyya ce," kina ce min "ba ma saye." Tunda kunnen ya ƙi, na koma ga abin da kika koya min da hannunki tun ina 'yar shekara shida a ɗakinki. Ga ajami nan, in kin ga kuskure ki tuna wa ya koyar da ni.

Albishirinki, sun ba ni katin. Shekara biyu ina aiki a cibiyar binciken nan daga bakin ƙofa, suna ta tona asalina, har sunan firamaren da na yi sai da suka tambaya. Jiya aka rataya min koren kati a wuya, wanda ke buɗe ɗakin ciki. A duk ginin mu goma sha ɗaya ne ke da shi, kuma ni kaɗai ce mai ɗankwali.

Kin sha tambayata wai me muke yi a nan da ya hana ni zuwa sallah. Ki ɗauki ƙwayar gishiri ɗaya. A cikinta akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, ana ce musu ƙwayoyin zarra, kuma da ire-irensu aka yi komai, har ni da ke. Mu so muke mu riƙa jera su ɗaya bayan ɗaya, yadda magini ke jera tubali, mu gina abin da muke so. In Allah ya sa an dace, wata rana haka za a gina magani, ko matacin da zai mayar da ruwan kududdufi abin sha. Yanzu dai duk abin da aka gina bai kai kan allura ba, don haka kada ki je gidan suna ki cika baki da ni.

Kowane gini yana farawa ne da wani ɗan tsari na farko, wanda saura ke kwaikwayo suna ta yawaita. Sunan da suke kiransa da shi, in an mayar da shi Hausa, iri ne. Shi ake tsaro. Waya a bakin ƙofa ake barin ta. Ma'ajiyarsa ba ta buɗuwa sai da mutum biyu, kowa da nasa mabuɗin. Ko takarda ba a fita da ita daga ɗakin. Dalili kuwa, abin da zai iya gina magani zai iya gina dafi, kuma in ya fita ba mai iya kiransa ya dawo. Kuskure ɗaya za ka yi a cire maka katin, kuma ba a cika mayarwa ba. Ki taya ni addu'a in riƙe nawa.

Amsa ki ba Yaya Yahya in ya zo daga Bacirawa, ya sa a gidan waya a Kano. A gidajen ma'aikata nake, komai ta ɗakin wasiƙun cibiyar yake biyowa kafin ya same ni.

'Yarki,
Juwairiyya

4 ga Nuwamba

Daga Hure 'yar Malam Fatihu zuwa ga 'yata Juwairiyya.

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya, mun gode Allah. Ƙafa tana nan da halinta. Kunnena kuwa lafiyarsa ƙalau, wayoyin yanzu ne ba su da murya. An kai amfani gida, rumbu ya cika, jar akuya ta haifi biyu. Khalilu haƙori ya hana shi cin rake, shi ne babban labarin gidan. Kuskure huɗu na gani a rubutunki, kuma ba ni na koya miki su ba.

Kati Allah ya sanya alheri. Na yi murna har na raba ƙuli-ƙuli ga matan da ke zuwa karatu, ban dai gaya musu na mene ne ba, tunda kin ce kada in cika baki. Biyu kawai na gaya wa.

Zancen gishirin nan na karanta sau uku ban gane ba, na bar miki kayanki. Amma da na zo kan iri sai na gyara zama. Ashe duk jirgin da kika hau da karatun da kika sha, tsaron iri kika je yi. Da kin faɗa tun farko ai da na rage miki hanya.

Kin san tulun da ke ɗan ɗakin bayan nawa, wanda na taɓa zane ki don kin zauna a kai. Geron kakata Tahira ne a ciki, mai gashi a zangarniya, wanda tsuntsun jan baki ke shawagi a kansa ya rasa wurin sauka, kuma ya riga na kowa nuna. Shekara arba'in mabuɗin ɗakin yana ɗaure a haɓar zanena. Ranar da Khalilu ya tafi kasuwar Ɗanbatta na fasa lakar bakin tulun, na ɗebar miki tafi ɗaya. Na cuɗa shi da toka saboda ƙwari, na naɗe a takarda, na ɗinke a tsumma kamar laya. Ga shi nan cikin ambulan.

Kin kuma san al'adar gidan nan, wanda aka ba iri da iri yake ramawa. To na aiko miki da namu a ɓoye, kada ki nuna wa kowa. Ki ɗebo min naku ko tafi ɗaya ne, ki ƙunsa yadda na ƙunsa wannan, ba wanda zai gane. In ya iso zan fara gwada shi a bayan gida. In na ga halinsa, damina biyu ta ishe ni in yaɗa shi daga nan har Ɗanbatta, kowa ya samu. Tunda kin ce yana fid da magani, ki zaɓo mai na ƙafa.

Ki riƙa cin abinci. Hoton da Yahya ya nuna min wuyanki ya yi tsawo.

Gwaggonki,
Hure

9 ga Disamba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Baffa da haƙorinsa. Ni jikina lafiya. Kafin komai ki sani, wannan wasiƙar sai an karanta ta za ta fita, amsarki ma sai an karanta za ta shigo. Don Allah ki auna abin da za ki rubuta.

Saƙonki ya iso, amma ban taɓa shi da hannuna ba har yau. A ɗakin wasiƙu suka sa ambulan a na'urar haskawa, suka ga wani ƙulli a ɗinke. Da suka farke, sai ga wani gari toka-toka da wasu ƙwayoyi, ga kuma takarda da rubutun da na'urarsu ta fassara ta kasa karantawa. Gwaggo, an fitar da mutum ɗari biyu waje cikin sanyi. Wasu suka zo sanye da fararen kaya har fuska, suka ɗauki geron Tahira da ɗan ƙarfe kamar mai ɗaukar kunama. Ina tsaye cikin jama'a ina tambayar me ya faru, ban san gidanmu ne ya iso ba.

Kwana uku suna neman mai karanta ajami. A masallacin garin suka samo wani dattijo, Malam Kamaruddeen, mutumin Damagaram. An rantsar da shi zai fassara kalma da kalma. Ya ce min yana karantawa yana share hawaye don dariya, amma rantsuwa ta hana shi gyara miki zance. Haka ya karanta musu: na aiko da namu a ɓoye, ki ɗebo naku, ba wanda zai gane, zan yaɗa shi kowa ya samu. Kalmar da ya sa wa iri ita ce dai wadda muke kiran abin da ke ɗakin ciki da ita. A duk duniya in akwai maganar da mutanen nan ke tsoro, to ita ce kika rubuta, kuma da kyakkyawan rubutu.

Sun cire min katin a ranar. Yanzu ina zaune a wani ofis na ƙasa ina gyara takardu. Kwamiti zai zauna ranar biyu ga Maris ya yanke ko za a mayar min, ko in tattara kayana.

Na yi musu bayani, na ce wannan gero ne kawai, abinci ne, kuma gwaggona tsohuwa ce ba ta fahimci aikina ba. Sun ce suna son jin haka daga wadda ta aiko, a rubuce, da sa hannun shaida. Layi uku ya isa. Ki ce gero ne kawai, ba ki san mene ne namu irin ba, kuma ba kya buƙatarsa. Namu kuwa, Gwaggo, ba zan iya ba ki ba, ko da ana ɗiba da tafi. Ba a ma ganinsa da ido.

Ki ba Yaya Yahya ya ɗauki hoton takardar ya turo, ainihin ta biyo baya.

'Yarki,
Juwairiyya

2 ga Janairu

Daga Hure zuwa ga Juwairiyya, da duk wanda ya sa ido a takardar da ba tasa ba.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ina gaida Malam Kamaruddeen, Allah ya ƙara basira, ya kuma fassara wannan yadda take, kada ya rage komai. Ina gaida mutum ɗari biyun da suka sha sanyi, su yi haƙuri, toka ce ta murhuna, ba ta taɓa kashe kowa ba sai ƙwari.

Ke kuma. Kwana goma takardarki na ƙarƙashin tabarmata ban iya amsawa ba, don raina ya ɓaci. Tsohuwa na yarda, ban fahimci aikinki ba na yarda. Amma gero ne kawai? A bakinki? Geron da Tahira ta ɗauko a kanta daga garinsu ranar da aka kawo ta gidan nan? Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, da ubanki yana goye, shi kaɗai ya nuna a unguwar nan. Da kununsa aka yaye ki. Kika tsaya gaban baƙi kika ce kawai.

Ba zan rubuta ba. Alƙalamin da nake rubuta sunan Allah da shi ba zan yi ƙarya da shi ba. In suna son layi uku su nemi wani.

Sannan kin ce ba za ki iya ba ni naku ba. Na karanta wurin har takardar ta yi laushi. Ni na goye ki, ni na tauna na ba ki. Tun da nake ban ji an hana uwa iri ba. Da kin ce babu, da na haƙura. Cewa kika yi akwai, amma ba nawa ba ne.

Jar akuya ɗaya daga cikin 'ya'yanta ya mutu, ɗayan yana nan da ƙiriniya.

Hure

21 ga Janairu

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa. Allah ya mayar da alheri game da ɗan akuya.

Na yi kuskure, ki yafe min. Tsoro ne ya sa na ce kawai. Na ga in na ƙanƙanta geron, laifin ma zai ƙanƙance. Malam Kamaruddeen ma sai da ya yi min faɗa a kai, ya ce a garinsu ba a faɗar haka ko ga geron kasuwa.

Amma maganar hanawa ba zan janye ba. Ba don ban yarda da ke ba ne. Amana aka ba ni, kuma ba a ce in ɗebe wa wanda nake ƙauna ba. In na ba ki don ke ce, gobe wani zai ba nasa gwaggon, kuma ba kowace gwaggo ce ke ba.

Akwai abin da na tuna. Ina 'yar aji uku, wata safiya gab da shuka, Baba Sha'aban ƙanin mijinki ya zo da 'yar ƙwarya ya durƙusa a ƙofar ɗakinki. Ya daɗe yana magana. Kika ba shi fura ya sha, kika ba shi goro, kika raka shi har zaure, ƙwaryar ba komai a ciki. Da kika dawo na ga kin shiga ɗan ɗakin kin daɗe. Ban taɓa tambayarki ba. Yau ina tambaya.

Saura kwana arba'in kwamitin ya zauna. Gwaggo, ina son aikin nan. Ban taɓa son wani abu haka ba, kuma ina jin tsoron rasa shi. Kullum da safe sai hannuna ya kai wuyana ya ji ba komai.

'Yarki,
Juwairiyya

13 ga Fabrairu

Juwairiyya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ashe kina leƙe ranar nan. Tun kina ƙarama idonki ya fi bakinki aiki. Ga takardar mutanenki nan, ta fi layi uku, ba ruwana. Khalilu ya sa hannu a ƙasa, bayan ya karanta, wanda ban so ba.

Zuwa ga manyan da ke riƙe da katin 'yata.

Bayan gaisuwa, ni ce Hure 'yar Malam Fatihu ta Bagwai, wadda ta aiko da ƙullin. Abin da ke ciki gero ne, ana shuka shi ana ci. Amma iri ne na gado, kuma yana da dokoki huɗu da kakata Tahira ta bari. Ba a buɗe tulunsa sai mutum biyu na tsaye, mai mabuɗi da mai fasa laka. Ba a sayar da shi. Ba a ba mutum sai an taka an zaga gonarsa an ga abin da ke maƙwabtaka da ita. Ta huɗun zan faɗa a ƙarshe.

Da ina ganin tsananin tsofaffi ne. Shekara talatin da suka wuce wani ɗan'uwan mijina, Sha'aban, ya roƙe ni, na ji kunya na ba shi ban ga gonarsa ba. Ya shuka shi jikin wani gero. Da suka yi fure iska ta haɗa su. A ido ba ka ganewa. Ya kai kasuwa ya sayar da sunan Tahira. Mutanen wani ƙauye suka saya suka shuka a bakin fadama inda tsuntsu ya fi yawa, don sun ji an ce tsuntsu ba ya taɓa shi. Ya fito ba gashi. Kwana uku jan baki ya yi a kai, suka girbe kara. Na ga matan ƙauyen da idona a bazarar suna neman dusa. Shi bai yi don mugunta ba, ni ma haka. Tafi ɗaya ne kawai ya fita ta inda bai kamata ba, kuma har yau ban iya tattaro shi ba. Da ya dawo neman wani bayan shekaru, na hana shi, na shiga ɗaki na yi kuka.

Don haka da 'yata ta ce ba za ta ba ni naku ba, na yi fushi kwana da kwanaki, sannan na ga abin da na yi wa Sha'aban ne ta yi min. Ita ba ta karya dokarku ba. Ni ce na karya tawa, har biyu: na buɗe tulu ni kaɗai, na aika wa wadda ko kunyar gona ɗaya ba ta da ita a ƙasarku. Naku irin ban san shi ba, an ce ba a ma ganinsa. Na janye roƙona. Ku ci gaba da kulle shi, kuma in kuna neman wadda za ta riƙe mabuɗi, kun riga kun samu. In ta iya hana ni, ba wanda ba za ta hana ba.

Doka ta huɗu ita ce: shekarar yunwa a fasa tulun, a raba wa kowa, ba tambaya. Sau ɗaya aka yi haka a zamanina. To ku, wace shekara za ku fasa naku, kuma wa za ku fara ba? Mu nan muna da ciwon ƙafa da ruwan kududdufi. Na duba takardun 'yata ban ga wannan dokar ba. In ba ku da ita ku zauna ku yi ta tun yanzu, kafin ranar ta zo kuna gardama.

Ku mayar mata da katinta.

Hure. Shaida: Khalilu ɗan Malam Fatihu.

6 ga Maris

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Da katin a wuyana nake rubuta miki.

Su biyar suka zauna, shugabarsu wata tsohuwa mai farin gashi da ba a taɓa ganin haƙoranta ba. Malam Kamaruddeen ya sa babbar riga ya miƙe tsaye ya karanta takardarki kamar huɗuba. Wurin mutum biyu da mabuɗi suka kalli juna. Wurin jan baki sai da aka tsaya ya kwatanta musu tsuntsun da hannu. Sai ya iso kan tambayarki ta ƙarshe. Wani ya fara bayanin cewa wannan ba hurumin kwamitin ba ne. Tsohuwar ta ɗaga masa hannu, ta ce a sake karanto wurin a hankali, ta rubuta a littafinta. Sannan ta ce in gaya miki ba su da amsa tukuna, kuma ba ta ji daɗin cewa ba su da ita ba.

An mayar min da katin tare da gargaɗi. Sharaɗi ɗaya: duk wasiƙarki sai Malam Kamaruddeen ya fara karantawa. Ya ce ko ba a biya shi ba zai yi.

Saura magana mai nauyi. Dokar ƙasar nan ba ta yarda baƙon iri ya shigo da rai ba. Sun gasa geron a na'ura kafin su ba ni, ba zai tsiro ba har abada. A 'yar leda suka miƙo min shi, da lamba a jiki. Na wanke tokar, na jiƙa, na niƙa, na dama kunu. Kofi ɗaya ya yi. Ƙamshin ɗakinki ne ya cika kicin ɗin, na zauna a ƙasa ina sha ina kuka, maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa tana tambaya ko rasuwa aka yi min. Ki yafe min tafin nan da ya tafi a banza.

Sun ba ni hutu a watan Yuni. In Allah ya yarda da ni za a yi shuka.

'Yarki,
Juwairiyya

2 ga Afrilu

Daga Hure zuwa ga 'yata Juwairiyya, ta hannun Malam Kamaruddeen, wanda nake gaisarwa.

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Wannan karon duk matan karatu na gaya wa, har da waɗanda ba su tambaya ba. Zafi ya shigo sosai, ƙafa ta ɗan lafa. Khalilu an cire haƙorin, ya koma rake.

Gero bai tafi a banza ba, tunda cikinki ya shiga. Kuskurenki ɗaya, ba ki ce kin sa tsamiya ba.

Yanzu ki saurari tawa. Ni ma an cire min kati. Tun ranar da Khalilu ya karanta cewa na buɗe tulu ni kaɗai, ya miƙo hannu ya ce in ba shi mabuɗin. Yaron da na yi wa wanka. Na ba shi, don yana da gaskiya. Ya zura shi a aljihun 'yar cikinsa yana yawo da shi a gari kamar wanda aka naɗa. Ya ce kwamiti zai zauna a gindin darbejiya kafin ruwan farko. Na tambaye shi su waye a kwamitin, ya ce shi ne. Kuma yana son takarda daga wadda aka aika wa, a rubuce, cewa irin bai faɗa hannun kowa ba kuma ba a shuka shi jikin wani ba. Ki rubuto masa layi uku. Ki kula da kalmar nan da kika sani, kada in gan ta.

Ya kuma tambaye ni abin da Turawanki ba su tambaya ba: me ya kai ni? Zan gaya miki kafin in gaya masa. Ba maganin ƙafa ne ya sa na fasa laka ba. Shekarata saba'in da huɗu, Khalilu na bina da uku. Yaran gidan nan kowa irin kanti yake so, mai zuwa a leda. Na daɗe ina duban wanda zan bar wa tulun ban gani ba. Sai ga takardarki kina ba ni labarin ɗaki mai mabuɗi biyu, kina murna an amince da ke. Na kasa jiran Khalilu ya dawo daga kasuwa.

Gonarki ban zaga ba, gaskiya ne. Amma na roƙe ki, na yi fushi, na yi miki gori da goyo, ba ki ba ni ba. Wannan ya ishe ni, kuma zan faɗa wa kwamiti haka a gindin darbejiya.

Ki zo a Yunin. Ke za ki fasa lakar bana, ni ina tsaye. Mabuɗin ba kore ba ne, igiyarsa ma ta yi baƙi don daɗewa, amma na auna ta da hoton nan na Yahya. Za ta shiga wuyanki, har da sauran wurin kati.

Gwaggonki,
Hure